Hagu Ya Fi Nauyi

Wata a cikinku ta rubuta a ƙarƙashin abin da na sa makon jiya cewa tsoho ba ya soyayya, sai dai hawan jini. Yarinya, na gani. Ina da duka biyun.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, aikina koya wa yara hawan doki. Ba manyan dawaki ba, gajerun nan masu ƙaton ciki da ake kira kuru. Ban yi karatu mai nisa ba. Abin da na sani hannu ne. Tun ina saurayi nake cikin barga, ga shi yanzu gemu ya yi fari fat, gwiwa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Uwar yarana ta daɗe da rasuwa. 'Ya'yana biyu, duk mata, kowace tana gidanta: Babba da Auta. Babba halina ta ɗauko kaf, shi ya sa ba ma jituwa.

Yaran barga suna kirana Baba Tukuna. Ba a gabana ba. Sun ɗauka ban sani ba.

Ga inda sunan ya samo asali. Linzami igiya biyu ce, dama da hagu, sai ƙarfe ɗaya a bakin doki. In yaro ya ja ɗaya fiye da ɗaya, doki ya karkace wuya ya yi ta zagaye kamar mai neman allurar da ta faɗi. In ya saki duka, doki ya ɗauke shi ya kai shi wurin ciyawa. So ake doki ya ji ka a gefe biyu daidai, kamar mai ɗauke da kwanon ruwa cike taf da hannu biyu. To, a bargarmu yaro ba ya barin ajina ya koma ajin Doguwa, matashiyar da ke koya musu sassarfa a babban fili, sai na gwada hannunsa.

Gwajin kuwa nawa ne, ba wanda ya koya mini. Sirdi ake ɗorawa a kan ganga, yaro ya hau. Ni kuma in kifa bokiti a gabansa in zauna, in ba shi baya, in riƙe ƙarfen linzami da hannu biyu. Ni ne dokin. A ɗaure mini ido da ƙyalle don kada hawayen yaro ko fuskar ubansa su saye ni. In dinga kai hannu gaba da baya yadda kan doki yake yi in yana tafiya, yaro ya bi ni. Can sai in ce "Dama, tukuna," ko "Hagu, tukuna," wato gefen da ya fi nauyi, ko kuma "Ya yi." Na ukun nan ba shi da arha a bakina. Ɗan Mai Barga kansa sai da ya shekara a kan gangar nan, ubansa yana cika yana batsewa. Ban taɓa yi wa hannun yaro ƙarya ba. Ku riƙe wannan, don yanzu zan zubar da shi.

Aka kawo mini wata 'yar mitsitsiya mai giɓi, kai ya yi wa hular kwano kaɗan. Da hagu take rubutu, da hagu take jifa, sai na sa mata Bahaguwa. Ranar farko na ɗora ta a kan Tulu, kurun da ya fi kowa haƙuri, suka yi ta kewaya turke ɗaya har ni da ke tsaye jiri ya kama ni.

Kakarta ce ke kawo ta duk Asabar. Ungozoma ce da ta ajiye aiki. Farin tabarau, mayafi ruwan toka, flas ɗin shayi, da kwandon saƙa. Ta zauna a bencin da ke ƙarƙashin bishiya, ta ɗan dube ni ta saman tabarau.

"Malam, kullum haka fuskarka take, ko rana ce?"

"Haka take."

"Allah ya ba dawakin haƙuri."

Ba wanda ya taɓa gaya mini haka. Na juya na shiga barga na tsaya a gaban buhun dusa, ban san me na shigo ɗauka ba.

Daga nan abubuwa suka fara lalacewa. Mutumin da riga ɗaya ke kai shi mako, sai ga shi da dutsen guga ranar Juma'a da yamma. Na ƙona hannun riga biyu kafin in gane ana rage wutar. Na rage gemu. Na tono wani turare da mijin Auta ya ba ni tun ba yau ba, na fesa. Ina shiga barga Tulu ya shinshina ni, ya yi atishawa, ya juya mini gindi.

Doguwa ta ce, "Baba, yau baƙi za mu yi?"

"Ki duba aikinki."

"Shi nake dubawa. Dawakin ne ba su gane ka ba."

In an tashi hutun rabin lokaci, Ungozoma takan zuba shayi a murfin flas ta ajiye a ƙarshen benci, ba ta ce sha ba, ba ta ce bari ba. Ni kuma in zo kamar wucewa zan yi, in tsaya, in sha a tsaye. Hirarmu ba ta wuce gwiwa da tsadar ciyawa da rashin jin yaran zamani. Amma sauran kwanakin mako duk sun zama hanyar zuwa Asabar.

Ana cikin haka Babba ta taso ni a gaba. Akwai wani zaure da Auta ta buɗe mana a waya, ta sa masa suna Gidanmu. Can ake yi mini shari'a.

Babba: "Baba, ɗakinka ya kammala. An sa labule, an sa katifa mai tauri saboda bayanka."

Babba: "Ƙarshen wata zan zo da mota. Aikin nan ya isa haka. Mutane sai su ce mun yar da kai."

Babba: "Baba, na ga ka karanta."

Ni: "Na gani."

Auta ta sa fuskokin dariya guda uku. Sannan ta biyo ni ta gefe, ita kaɗai.

"Baba, hoton da Doguwa ta sa na barga, wa ya goge maka riga?"

"Ni."

"Hmm."

"Mene ne hmm?"

"Ba komai. Ta yi kyau. Hannun ne ya ɗan ƙone."

Gidan Babba yana wani gari mai nisa. Akwai bene, akwai mai gadi, babu doki ko na roba.

Ita kuwa Bahaguwa, yarinya ce mai zuciya. Na sa ta ɗaukar kofi biyu cike da ruwa tana zagaya fili. Na ɗaura mata zare ja a igiya ɗaya, shuɗi a ɗaya, daidai inda yatsu za su zauna. Na koya mata ta bar gwiwar hannu ta yi laushi, kada ta sandare kamar mai tuƙa baro. Sannu a hankali Tulu ya daina zagaye. Ya miƙe wuya, kunnuwa suka kwanta gefe, yana tauna ƙarfe a hankali. Doki ba ya munafunci. In ya ji daɗin hannu, a kunnensa ake gani.

Ranar gwaji ta zo. Na zauna a bokiti, aka ɗaure ido. Yarinya ta ɗauki igiya.

Jama'a, hannun nan ya yi. Dama da hagu kamar an auna a sikeli. Na kai gaba ta biyo ni, na dawo ta karɓe ni, ba fizga, ba saki. Rabon da in ji hannu irin wannan a yaro har na manta. Na buɗe baki zan ce "Ya yi."

Sai na ji ƙarar murfin flas daga benci.

Ajin Doguwa ranar Laraba ake yi bayan makaranta, kuma uwar yarinyar ce za ta dinga kawo ta daga wurin aiki. Ni na san haka. Na daɗe da sani.

Na ce, "Hagu. Tukuna."

Na faɗa wa kaina mako ɗaya ne, ƙarin mako ba ya kashe kowa. Asabar ta zagayo na ce hagu. Wadda ta biyo ta ma hagu. Ƙarya kamar ƙaiƙayi ce, farkon susa ne mai wuya. Sa'anninta biyu suka wuce ta, har da wani yaro da ke riƙe linzami kamar mai jan guga. Ita ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi. Sauka kawai take yi daga ganga, ta cire hula, ta ce, "To, Baba." Rannan na hango ta a bayan barga tana dukan hannunta na hagu da na dama, tana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa.

Na ga wannan da idona. Kuma na je na sha shayi. In za ku zage ni a ƙasa, nan ne wurin.

Asabar ta gaba na sa farar riga. Na kifa bokiti, na zauna, na ɗauko ƙyalle. Iyaye uku suna jingine da shinge, Doguwa tana riƙe da Tulu. Sai ga inuwa a kaina.

"Kawo in ɗaure maka," in ji Ungozoma. "Ƙullin naka sakwa-sakwa ne, ina zargin kana leƙe."

Tunda nake ba wanda ya taɓa zargina da leƙe. Amma na miƙa mata ƙyallen kamar ɗan aji ɗaya. Yatsunta suka taɓa ƙeyata. Ƙamshin sabulu da shayi. Ta ja ƙulli, ta ɗan dafa kaina ta gyara shi ya kalli gaba, yadda ake yi wa yaro a wurin aski. Ban ji takunta ya koma benci ba. Tana nan tsaye a gefena.

Ku tambaye ni abin da hannuna ya ji bayan nan. Ban sani ba. Hannun yana kai gaba yana dawowa shi kaɗai, ni kuwa ina can ina tunanin ko ƙeyata ta yi gumi, ko wanzami ya bar wani tsiro a bayan kunne. Hukuncin kuma tun daga gida na taho da shi a aljihu. Da na ga an ɗan jima, na gyara murya, na yi ta mai nauyi irin ta manya.

"Hagu. Hagu ya fi nauyi. Tukuna."

Wani daga cikin iyayen ya yi tari. Doguwa ta ce, "Wayyo, Baba," a hankali.

Na janye ƙyalle na waiwaya.

Igiyar hagu tana kwance a ƙasa cikin ƙura. Yarinya tana riƙe da ta dama kaɗai. Hannunta na hagu yana cikin aljihun wando, har wuyan hannu.

Jaki ma da ya ji an saki igiyar nan. Jakin da aka haifa jiya.

"Kaka ce ta ce in saki," in ji Bahaguwa. "Ta ce in sa shi a aljihu mu ga ko zai yi nauyi daga can."

Ungozoma ta cire tabarau tana gogewa da bakin mayafi.

"Malam, ni ce doki a gida. Kullum bayan makaranta sai ta ɗaura igiya a ludayi ta ba ni in riƙe. Kafaɗata har ciwo take. Ban san doki ba, amma na yi rayuwata ina aiki da hannu, na san hannun da ya daidaita. Jiya kuma na tarar tana ƙoƙarin yin aikin makaranta da dama, wai hagun ne mugu." Ta mayar da tabarau. "Shi ne na ce bari mu gwada mai gwaji."

Da ƙasa tana da ƙofa da na ƙwanƙwasa. Doki ya taɓa taka ni, ya taɓa karya mini haƙarƙari, ban yi ƙara ba. Wannan ya fi zafi, kuma ba inda zan shafa magani.

Na ce wa Doguwa, "Zo ki ɗaure."

Ta ɗaure. Na ce wa yarinya ta ɗauki igiya biyun. Ta ɗauka. Shi ne dai, wancan hannun na tun tuni. Na bi shi har ƙarshe yadda ya kamata, sannan na cire ƙyalle, na tashi, na zagaya gaban ganga. Na durƙusa. Gwiwa ta yi ƙarar da kowa ya ji.

"Ya yi," na ce. "Ya daɗe da yi. Hannunki ba shi da laifi. Bakina ne mai laifi. Ki rubuta da hagunki, kin ji?"

Ta dube ni ta ƙarƙashin hular kwano.

"To me ya sa ka ce tukuna?"

Na dubi ƙasa. Na dubi Tulu. Tulu ya kau da kai.

"Ƙyale shi," in ji kakarta. "Zai faɗa in ya girma."

Ta ɗauki flas da kwando, ta kama hannun jikarta, suka fita. Sai da Doguwa ta kama ni na iya miƙewa.

Asabar da ta biyo baya na ga abin da na yi ƙarya don gudunsa. Benci wayam, sai ganye. Na ɗaura wa Tulu sirdin wani dokin. Na daka wa wani yaro tsawa a kan abin da bai yi ba, na koma na ba shi haƙuri, yaron ya tsorata fiye da lokacin tsawar. Babba kuma ta turo hoton ɗakin: gado, labule ruwan ƙasa, kujera tana kallon bango.

Lambar Ungozoma tana wayata tun ranar da aka yi wa yarinya rajista. Na rubuta, na goge. Na rubuta, na goge. Da yatsa ɗaya nake rubutu, kun san aiki ne. A ƙarshe na tura: "Ina wuni."

"Lafiya lau."

Washegari: "Ya yarinya?"

"Tana wurin Doguwa. Ka fi ni sani."

Washegari kuma: "Ya gwiwa?"

Wannan ta daɗe ba ta amsa ba. Na ajiye wayar, na ɗauka, na kai ta bakin taga ko sabis ne. Can ta yi ƙara.

"Malam, in maganar doki ce ka kira uwarta. In ba ta doki ba ce, gidana yana da ƙofa. Ina nan Lahadi da la'asar."

Na karanta a zaune, na karanta a tsaye. Sannan na yi wautar da ta fi ta bokiti. Na kira Auta.

"In mutum zai je gaida mutum, me ake kaiwa?"

"Mutum mace ko namiji?"

"Mutum."

"Lemo, Baba. Mai kyau, ba na gefen tire ba. Kuma don Allah kada ka fesa turaren nan."

"Kada yayarki ta ji."

"Haba Baba, ni ce fa."

Ita ce fa. Faɗa wa Auta sirri da zuba ruwa a kwando duk ɗaya ne. Ni na haife ta, ni na manta.

Lahadi na sa riga shuɗiya, wadda hannunta bai ƙone ba. Na goge takalmi. Mai lemo ya cika mini leda har tana nishi, na ce ya ƙara. Gidan yana ƙarshen wani layi mai shiru, ƙofa kore, tukwanen fure a jere. Na wuce shi sau biyu kamar mai neman wani gidan. A na uku na tsaya.

A bakin ƙofar falo akwai takalma. Silifas na yarinya. Baƙi mara tsini na tsohuwa. Sai wani mai tsini, ruwan zinari, an ajiye shi a miƙe kamar soja. Mutum ɗaya na sani a duniya da ke ajiye takalmi haka, don ni na koya mata.

Na juya zan gudu. Labule ya ɗaga.

"Kaka, ga Baba Tukuna!" in ji Bahaguwa. A gabana kuma.

"Shigo, Malam," in ji murya daga ciki. "Yanzu muke maganarka."

Na shiga. Falo ne ƙarami, tsaf. Bango cike da hotunan jarirai, tebur a tsakiya an lulluɓe shi da saƙa har ƙasa. Ungozoma tana kujerar kusa da taga. Babba tana doguwar kujera, jaka a cinya, makullin mota a kan jaka, kofin shayi a hannu. Ashe Auta ta gaya mata, ita kuma ta tambayi Doguwa kwatance, ta yi sammakon hanya.

"Sannu da zuwa, Baba," ta ce. Da muryata ta faɗa. Yanzu na san abin da yara ke ji.

Ba wanda ya ce in zauna. Ungozoma ta ajiye saƙa, ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam, 'yarka ta ce ƙarshen wata za ka tattara ka koma wurinta, har an sa labule. Kai kuma ga ka da lemo. Ni na tsufa da wasan yara. Wanne ne gaskiya?"

Babba ta ɗaga gira. Yarinya ta buɗe baki tana kallona. Na matse ledar a ƙirji, na ja numfashi irin na mazan da, zan yi magana.

Gindin leda ya fashe.

Lemo ya watse ko'ina. Wani ya bugi ƙafar Babba, wani ya nufi kicin, sauran suka shige ƙarƙashin tebur. Ban yi shawara da kowa ba, na zube a gwiwa na bi su. Na ɗaga saƙar na cusa kai. Ciki duhu-duhu, sanyi, ba idon kowa. Wallahi tunda na shigo layin nan ban sami wuri mai daɗi kamarsa ba. Na ga ƙafafuwan Babba a dama, na Ungozoma a hagu, yatsunta da ɗan lalle da ya fara gogewa.

Daga can ƙarƙashin, da lemo ɗaya a kowane hannu, na ce:

"Lemon ne gaskiya."

Sai na ji an ajiye kofi a kan tebur, daidai saman kaina, ƙwas.

"Baba," in ji Babba. "Fito mu yi magana."

"Bar shi, 'yata," in ji Ungozoma, na kuma ji ta ɗauki saƙarta. "Akwai saura a bayan kujera. In ya gama tsincewa, ni ma ina da tawa maganar."